Bango Huɗu, Hoto Ɗaya

Shekarun baya, lokacin ina haya a wani gida mai ciki da falo a Tudun Wada, na taɓa gina wa mahaifiyata ɗaki a cikin kwamfuta. Jiya wani daga cikinku ya tambaye ni aikin da na fi ji da shi tun da na fara wannan sana'a, na ce ya bari zan ba shi amsa a nan, don amsar tana da ɗan tsawo.

Ga waɗanda ba su san abin da nake yi ba, siffofin abubuwa nake ƙerawa a kwamfuta, irin waɗanda za ka juya ka ga gabansu da bayansu da ƙarƙashinsu: kujera, tulu, ƙofa, keke. Masu yin wasannin waya da masu zanen gine-gine ne ke ba ni aiki. Ƙera siffar ba ita ce wahalar ba. In ka gama, fari fat abin yake fitowa, ba launi ba tsufa, kamar an sassaƙa shi da sabulu. Sai ka tufatar da shi. Kafin ka tufatar da shi kuwa dole ka warware shi ya kwanta a shimfiɗe, yadda ake ɓarke kwalin sukari a baje shi a ƙasa, kowane gefe ya sami wurinsa a kan wani fili mai kusurwa huɗu. Wannan shimfiɗar ita muke kira UV. A kanta ake ɗora hoton katako ko na ƙasa ko na ƙarfe, sai kwamfuta ta sake naɗe abin, hoton ya bi jikinsa. Filin nan ƙarami ne, shi ya sa duk mai wannan aiki marowaci ne a kansa.

A layinmu babu wanda ya fahimci wannan, ni ma na gaji da bayani na daina. Mai shayin bakin titi Injiniya yake ce mini, da wata irin murya da ke nuna ko kaɗan bai yarda ba. Maƙwabta sun san ni a matsayin saurayin nan da ba ya fita aiki amma kullum yana kukan an ɗauke wuta. Abokina guda da muka koyi abin tare ya tattara ya koma Legas, sai dai mu gaisa a waya. Waɗanda nake yi wa aiki ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Akwai ranakun da in ka cire sallamar masallaci, ban buɗe baki na yi magana da kowa ba.

Ana cikin haka mahaifina ya rasu. Da mahaifiyata ta fita takaba, aka zauna aka ga babu inda ya dace ta koma sai wurina. Ƙanena yana aiki a can kudu, ƙanwata kuma tana gidan mijinta a Hanwa, Inna ba za ta zauna gidan suruki ba. Na ba ta ɗakin ciki, na dawo da katifata falo kusa da teburin aikina. Har na yi murna a raina, na ce kaɗaici ya ƙare.

Na manta da abu ɗaya. Ni ne ɗan fari.

Wanda ya tashi a irin gidajenmu na cikin Birni ya san abin da nake nufi. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama inda nake zaune, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yabona a gaban kowa. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata, a can na girma, ɗakin Inna kuwa sai dai in tsaya daga bakin ƙofa in gaishe ta in wuce. Da muna cikin babban gida abin bai dame ni ba, don akwai mutane a tsakaninmu. In tana da magana sai ta ce wa ƙanwata, "Ki faɗa wa yayanku." Yanzu kuwa daga ni sai ita, ba wanda za a aika.

Sai ta koma yin magana da iska. In na shigo, daga can ciki zan ji, "An dawo?" In ce, "Na dawo, Inna." In ta gama girki ta ajiye kwano a bakin ƙofar falo ta ce, "Ga abinci nan in ana ci." Shi ke nan hirarmu ta yini. Ina zaune ina jin motsinta, tana zaune tana jin ƙarar madannan kwamfutata, labule ɗaya ne tsakaninmu. Wallahi kaɗaicin da na yi ni kaɗai bai kai wanda muka yi mu biyu ba.

Bayan 'yan watanni baffana ya zo ya sanar da mu cewa an gama magana a kan gidan gado. Ɗakunan ƙasa sun tsufa, damina tana cinsu, za a rushe a yi ginin bulo. Babu wanda ya yi ba daidai ba, ɗakunan kam sun gaji. Inna ta saurare shi har ya gama, ta ce, "To, Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Daga ranar kwanonta ya fara dawowa da sauran abinci.

Ƙanwata ce ta tsare ni a ƙofar gida wata rana za ta hau keke mai ƙafa uku ta koma Hanwa.

"Yaya, ka san Inna tafiya za ta yi?"

"Zuwa ina?"

"Wurin Kawu, ƙauye. Ta ce in an yi Sallah za ta tafi. Wai ta takura maka, ka bar ɗakinka kana kwana a falo kamar baƙo. Kuma ta ce dama ɗakinta ne ke riƙe da ita a garin nan, to ga shi za a rushe."

"Ni na ce ta takura mini?"

"To ka faɗa mata mana."

Ta faɗi haka kamar abu mai sauƙi. Ita auta ce, tana iya kwanciya a cinyar Inna ta yi ta zuba. Ni ta ina zan fara? Ƙauyen Kawu tafiyar yini ce, babu asibitin kirki, ga Inna da ciwon ƙafa. Na san in ta tafi ba za ta dawo ba. Ba na so ta tafi, kuma duk Hausar da ke bakina ban sami jimla ɗaya da zan iya tsayawa gabanta in faɗa ba. Sai na yi abin da na iya. Na ce tun da ɗakinta ne ke riƙe da ita, zan ɗauko mata ɗakin in kawo Tudun Wada.

Ana gobe magina za su fara, na hau acaɓa na shiga ta Ƙofar Doka da wayata da tef ɗin awo. An riga an kwashe komai. Karon farko ke nan a iya sanina da na shiga ɗakin har tsakiya na tsaya. Na auna tsawo da faɗi, na auna ƙofa da 'yar taga, na ɗauki hoton rufin azara. Sai na zo kan bango. Bangon da ke fuskantar ƙofa tas yake, farar ƙasarsa ba tabo, haske ya sauka a kansa yadda ake so. Na yi ta ɗaukarsa ta kowane ɓangare. Sauran ukun kuwa duk tarkace: baƙin hayaƙin fitila, ramukan ƙusa, wani maiƙo-maiƙo a gefen inda gado yake, bayan ƙofa kuma duhu. Na ɗan ƙyasta musu hoto ɗaya-ɗaya don kada a ce ban yi ba, na fito.

A wurin mai sana'ata wannan ba ganganci ba ne, ƙwarewa ce. Abin da aka koya mana ke nan: in kana da bango huɗu masu kama da juna, kada ka ɓata fili. Ka ɗauko shimfiɗar huɗun ka jibga su a kan juna, wuri ɗaya, su sa hoto ɗaya. Ka zaɓi mafi tsabta, ka goge duk wani tabo da zai sa ido ya gane maimaici ne. Haka na yi. Bango huɗu, hoto ɗaya, sauran filin na ba gadonta na ƙarfe da jeren kwanukanta, waɗanda na ƙera daga wani tsohon hoton da ƙanwata ta turo mini. Har furannin jikin kwanukan sai da na zana.

Da na gama na tura wa abokina na Legas. Ya ce, "Mutumina, ka gama da su. Tsaf, ba ɓarnar fili ko kaɗan." Kaina ya yi girma har ya kusa hana ni shiga falo. A lokacin an riga an kai ɗakin gaske ƙasa, baffana ya ce har an fara haƙa harsashi.

Na jira ranar da ƙanwata ta zo, don ba zan iya kiran Inna ni kaɗai ba. Bayan la'asar ta shiga ta lallaɓo ta. Inna ta fito ta tsaya nesa da tebur, ta riƙe bakin mayafinta, ni kuma na koma gefe ina riƙe da linzamin kwamfuta kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

"Inna, duba," in ji ƙanwata. "Ga gadonki, ga kwanukanki. Har taga."

Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Ki ce a juya."

Na juya ɗakin a hankali. Bango fari, bango fari, bango fari.

"Bayan ƙofa fa?"

Na kai ta bayan ƙofa. Nan ma fari tas, don hoton bangon can ne ke nan ma.

"Ɗaki ne mai kyau," ta ce. "Allah Ya yi albarka. Amma ba nawa ba ne."

Ta juya ta koma ciki, labule ya rufe.

Ba zan ɓoye muku ba, haushi na ji. Na kwana biyu ina ƙorafi a zuciyata cewa tsofaffi ba su san darajar irin wannan aiki ba, wai da a ƙasar waje ne da an tafa mini. Na zargi hasken allon kwamfutar, na zargi idonta. Da haushin ya sauka sai baƙin ciki ya hau, don Sallah tana matsowa, kuma na fara jin tana ninke kaya a ciki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayarta. Duk faɗin ɗakin nan, me ya sa bayan ƙofa?

Na kira ƙanwata na tambaye ta.

"Oho. Wani rami ne dai a wurin, can ƙasa. Tun muna yara muke ganinsa, mu mun ɗauka ɓera ne. Sau ɗaya na taɓa cusa masa tsumma, Inna ta yi mini faɗan da ban manta ba. Ban san dalili ba, ba ta faɗa."

Na koma cikin hotunan da na raina. Na bayan ƙofa guda ɗaya ne tak, a karkace, dishi-dishi, har da yatsun ƙafata a gefe. Na ƙara masa haske. Ga shi nan a kusurwar hoton, saura kaɗan da bai shiga ba: wani ɗan loko kamar tafin hannu, jar ƙasar ciki a fili, bakinsa ya yi sumul. Abin da na lura da shi kuma, farar ƙasar da aka yi ta shafawa shekara da shekaru ta zagaye shi ne, ba ta shiga ciki ba. Duk wanda ke shafen, da gangan yake kauce masa.

Ban san ma'anarsa ba, amma na san abin da ya kamata in yi. Na buɗe shimfiɗar, na raba bangon nan huɗu da na jibga, kowanne na ba shi wurinsa. Fili ya ƙi isa, sai na matse gado, na matse kwanukan da na sha wahala a kansu har furanninsu suka dushe. Na ɗora wa kowane bango hotonsa na gaskiya, da hayaƙinsa da ramukan ƙusarsa da maiƙonsa. Da yake hotunan ba su da kyau, ɗakin ya fito wani iri, ko'ina dishi-dishi, ana ganin layin da hoto ya haɗu da hoto. Da ɗalibi ne ya kawo mini irin wannan da na ce ya sake. Ramin kuwa, saboda karkacewar hoton ban iya gane tsayinsa daga ƙasa ba. Na yi kirdado na ajiye shi daidai gwiwa.

Ban yi niyyar nuna mata ba. Tsoro nake ji ta sake cewa ba nata ba ne, kuma ƙanwata ba ta nan.

Wata safiya da hantsi ina zaune ina ta gyara gefen ramin, Inna ta fito da tsintsiya. Ta saba share falon in na tafi masallaci, ranar dai ban san abin da ya fito da ita ba. Ina jin sharar tana matsowa, sai ta tsaya a bayana. Ban waiwaya ba. Na san in na waiwaya za ta wuce.

"An ɗaga shi da yawa," ta ce.

"Na'am, Inna?"

"A sauko da shi. Yaron bai kai nan ba."

Na kama ramin a kan shimfiɗar na ja shi ƙasa.

"A ƙara."

Na ƙara.

"To, nan."

Bai fi taƙi ɗaya da rabi daga daɓe ba. Na zuba masa ido, na ce, "Wane yaro, Inna?"

Sai na ji ta jingine tsintsiyar, ta jawo tabarmar sallata ta zauna a ƙasa, a falon, a inda nake. Ba ni take kallo ba, kwamfutar take kallo.

"Wani yaro ne," ta ce. "Lokacin rarrafe yake yi. Da na juya baya sai ya lallaɓa bayan ƙofa ya yi ta ƙwaƙular bango yana ci. Kullum bakinsa ja da ƙasa. Na shafa maɗaci a wurin, ya ɓata fuska ya ci gaba da abinsa. Na kare da akwati, ya bi ta gefe. Mutane na cewa in doke shi, ni kuma ina jin nauyin a ga ina kula shi, ko da duka ne."

Ta gyara zama saboda ƙafarta.

"Da aka yaye shi aka tafi da shi wurin kakarsa, ɗakin ya yi shiru. Ba a kuka a kan irin wannan, abin kunya ne. Bayan damina magina suka zo gyara, na ce su bar wurin. Malam maigida ya ce mene ne amfanin rami a ɗaki, na ce a dai bar shi. Duk shekara sai na ce a bar shi. In ya zo gaisuwa ya tsaya a bakin ƙofa, ga shi ga ramin, ƙyaure ne kawai tsakaninsu, bai sani ba."

Ina zaune na ba ta baya, gemuna har ya fara cika, hawaye na sauka a kan madannai. Na gode Allah da al'adar da ta hana ta kallon fuskata, don ranar ta rufa mini asiri.

Ta bar ni na ɗan nutsu, sannan ta ce, "A juya wajen gado." Na juya. Ta nuna maiƙon nan da na so gogewa. Nan mahaifina yake jingina kai in ya shigo hira bayan cin abinci, shekara da shekaru, har man gashinsa ya kama bangon. Ƙusar sama ta madubi ce, ta ƙasa ta carbi. Baƙin hayaƙin kuwa na fitilar da ta kwana tana ci ne lokacin da ƙanena ya yi ƙyanda. Ta ce taga ta yi faɗi, na rage. Ta ce kwanukan ba haka jerensu yake ba, manya a ƙasa suke, na sake jera su. Ba mu tashi ba sai da aka kira azahar. A tsawon rayuwata ban taɓa jin muryar mahaifiyata na tsawon lokaci haka ba.

Da za ta miƙe na yi ta maza, ina kallon kwamfuta na ce, "Inna, falon nan ya ishe ni. Ni ba a takure nake ba."

Ta ɗauki tsintsiyarta. "An ji," ta ce.

Sallah ta zo ta wuce, ba wanda ya sake ta da maganar ƙauye. Bayan mako guda sai ga ƙanwata a keke da turmin Inna da taɓaryarta, waɗanda aka ajiye a Hanwa tun ranar da aka kwashe kaya. Ta ce Inna ce ta aika a kawo. Mace ba ta aika a kawo mata turmi gidan da za ta bari, ko ni da ban san komai ba na gane wannan.

Kada ku ɗauka daga ranar muka zama abokan hira. Ina. "An dawo?" ɗin nan bai canza ba har ƙarshe. Sai dai wani lokaci da hantsi takan fito ta zauna a tabarmar ta ce, "A buɗe ɗakin nan." In buɗe, ta yi ta ba bango labari, ni kuma ina saurare. Ta zauna tare da ni har na yi aure, ta ga ɗana na fari, ta yi masa duk gatan da ba ta iya yi mini ba, har da kiran sunansa da ƙarfi a tsakar gida. Allah Ya karɓi abarsa shekaru kaɗan bayan haka. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan mahaifina da naku da suka riga mu.

Har gobe in aka ba ni aiki ina jibga bango a kan bango, don haka sana'ar take, kuma mai wasan waya ba ruwansa da ramin kowa. Amma in wani ya kawo mini hoton gidansu ya ce in gina masa, ba na goge komai sai na tambaya. Nakan ce, wannan tabon na mene ne? Sau da yawa ba su sani ba. Nakan ce su je su tambayi tsofaffin gidan tun suna nan.

Abokina na Legas ya ga ɗakin na biyu daga baya, ya ce, "Kai, me ya sami aikin nan? Na farkon ya fi kyau nesa ba kusa ba." Gaskiya ya faɗa, ban yi masa musu ba. Shi ne aiki mafi muni a cikin duk abin da na ajiye, kuma shi ne amsar tambayar da aka yi mini jiya.

Na canza kwamfuta sau da dama tun daga lokacin, ɗakin ne abu na farko da nake kwashewa. Yanzu gidana cike yake da hayaniyar yara, amma akwai ranakun da kewarta ke taso mini a tsakiyar aiki, in ji ni kaɗai kamar zamanin falon nan. Sai in rufe aikin mutane in buɗe ɗakin, in wuce gado, in wuce kwanuka, in zagaya bayan ƙofa. Ramin yana nan inda ta ce a ajiye shi, can ƙasa, daidai tsawon yaron.